Agogon da Maman Tolu Ta Mayar

Da ruwa anka tashi ran nan, irin na watan Agusta wanda ba tsawa ba iska, sai dai ya yi ta zuba kamar ba za a ɗauke ba. Gero ya fara fid da kai, hanyar gona ta zama taɓo, ba wanda ya fita. Muna zaune cikin zaurena mun kewaye rediyo, ana ta maimaita cewa an cire mu daga Sakkwato, an ba mu jiha tamu, Kebbi. Wani na cewa kwalta ta zo ke nan, wani na cewa lantarki. Sai ga Maman Tolu ta faɗo zauren jiƙe sharkaf, akwatin allura bisa kai. Akwatin ta lulluɓe da mayafinta, ita ko ruwa na dukan ta.

Anka ce mata, "Maman Tolu, albishirinki!"

"Goro."

"Mun samu jiha."

Ta sauke akwatin a hankali, ta matse bakin zanenta. "Allah shi sa alheri. Ku tambayar mini rediyon, jihar nan da ƙanƙara take tafe?"

Munka yi dariya. Ita murmushi kawai ta yi, don ba wasa take ba.

Sunanta na yanka Kikelomo, amma ba mai kiran ta da shi sai mijinta Dele, mai gyaran keke da babur a bakin kasuwa. Mu Maman Tolu munka sani, saboda ɗiyarta ta fari Toluwani. Iyayenta mutanen Ogbomosho ne, a Yawuri anka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta kowa, har Dendanci ta tsinta wurin mata. Kirista ce. Ran Lahadi su haɗu da 'yan uwansu kaɗan a shagon wani tela, su yi waƙe-waƙensu su watse. Ɗaki biyu na ba su haya a bayan gidana, shi ya sa na san abin da na sani.

Aikinta a ɗan asibitin garinmu ne, Rafin Giginya, cikin ƙasar Bagudo, tsallaken Kwara. Daga nan in ka bi burtali da hantsi, kafin azahar kana cikin Benin, wadda tsofaffinmu har yau ke ce wa Dahomi. Asibitin ɗaki ɗaya ne da baranda. Ita ce likita, ita ce ungozoma, ita ce mai shara. Amma abin da ta fi ɗauka da zafi shi ne allurar rigakafin yara, musamman ta baƙon dauro, wanda a wancan zamani in bazara ta kama yakan shiga gari ya fita da ɗiyan mutane.

Maganar ƙanƙara kuwa ga yadda take. Ruwan allurar nan ba ya son zafi. Daga Bagudo ake kawo shi cikin akwati da ƙanƙara. In ƙanƙarar ta narke ya ɗumama, to ya mutu, ko an yi wa yaro, ruwan banza anka zuba mishi. Kuma ido ba ya rarrabe mai rai da matacce. Na sha ganin ta dawo daga ƙauye da kwalabe cike, ta haƙa rami bayan asibiti ta binne su, rai ɓace. Wani direba ya taɓa ce mata, tunda ba mai ganewa, ta yi musu mana a wuce wurin. Ta ce mishi, "Kai ba ka ganewa, ni ma ba na ganewa. Baƙon dauro yana ganewa."

Tana da wata al'ada da ba wanda ya ɗora mata. Kowace shekara in bazara ta wuce, ruwan farko ya sauka, sai ta zo ƙofar Maigari ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta tuɓe takalmi, ta zauna gefen tabarma, ta ba da labarin shekara. Ba ta cewa na yi allura kaza. Sai dai ta ce, gidan wane baƙon dauro ya shiga, wanda na yi wa allura ya tsira, wanda ban yi wa ba ya kwanta. Rugar yamma ban kai ba har Fulanin sunka tashi, wannan laifina ne. Gidan wane na yi ta zuwa ana ce mini maigida ba ya nan, wannan laifinsa ne, ga shi can zaune yana gyara hula. Mutane su kwashe da dariya, wane ya sunkuyar da kai. Wanda ke da ƙorafi a kanta shi ma ya faɗa a nan. Wata shekara wani ya ce allurarta ta kumbura wa ɗansa hannu har ya yi ruwa. Ta ce gaskiya ne, ta ba shi haƙuri gaban kowa. Muna ce wa ranar "kakar Maman Tolu", don ita ta ce manomi ba ya fahariya da yawan irin da ya shuka, sai ya ga abin da ya shiga rumbu.

Duk shekara kuma da magana ɗaya take rufewa: "Tunga ban kai ba."

Tungar Bunyaminu take nufi, wani zangon Sarkawa masunta kan tsibiri tsakiyar Kwara. Cikin ƙasar Maigarinmu suke, amma tafiyar kwalekwale ce mai nisa. Ƙanƙarar Bagudo ba ta iso mana sai rana ta take, ta riga ta fara zama ruwa, ina ga a ce a ɗauke ta a shiga kogi. Don haka ɗiyan tunga ba su san allura ba, kuma kusan duk bazara sai an haƙa ƙananan kaburbura can.

Jiha kuwa ta zo da ƙanƙarar. Kwalta ba ta zo ba, lantarki ma haka, amma bayan kakar shekarar da ta biyo anka kawo wa asibitinmu firiji mai aiki da kananzir. Ban taɓa ganin wanda ya yi renon ƙarfe kamar yadda Maman Tolu ta yi renon firijin nan ba. Safe da yamma tana duƙe tana duba lagwani. Ran da ya fara daskarar da ruwa, ta fito da ƙanƙarar a tafin hannu tana nuna wa masu wucewa. Yanzu tana iya tashi da asuba da ƙanƙara mai tauri ta isa tunga maganin na da rai. Ta sami Kubura, wata 'yar tunga mai kawo bandar kifi kasuwarmu, sunka shirya. Da zarar sabon magani ya iso, Kubura za ta tara mata da ɗiyansu, kafin zafi ya shigo.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga sama. An haɗa yawan allurar da kowane ma'aikaci ya yi da yawan yaran da ƙidaya ta ce akwai a yankinsa, sai anka ga Maman Tolu ta yi wa yara fiye da waɗanda muke da su. Ba wanda ya kai ta a duk yankin. Za a zo a ba ta agogon bango da takardar yabo, a ƙara mata girma, a mai da ta babban asibiti a Birnin Kebbi. Firiji kuma, tunda aiki ya ƙare a nan, za a kai shi wajen Zagga inda allura ta yi ƙasa.

Kowa a garin ya san inda rarar ta fito. Kasuwarmu ta Talata rabinta mutanen Benin ne. Iyakar nan ta bi ta tsakiyar dangi, ƙanwar matata ma can take aure. Matan Dendawa da na Fulani su zo da man shanu da gyaɗa, goye da ɗiyansu, su biya asibiti. Maman Tolu ba ta taɓa tambayar yaro ɗan wace ƙasa ne ba. Ta yi mishi, ta ƙirga shi cikin aikinta, ta aika.

Da la'asar ɗin ranar ina zaune gindin darbejiyar tsakar gida ina tufkar igiya, na ji su da mijinta sun fito suna yi.

"Malam Hassan, don Allah ka yi mata magana," in ji Dele. "A ce wa mutum zo karɓi kyauta, ya ce bari in je in tona wa kaina asiri?"

"Wane asiri? Ƙarya na yi?" in ji ta.

"Ba ki yi ƙarya ba, to ki yi shiru mana! Maganin gwamnatin Kebbi kin zuba wa 'ya'yan Faransa. In sunka ji, ba agogo ba, ko ƙararrawar keke ba ki samu. Kora ce."

"Sai in zo in riƙa miƙa maka sufana."

"Ke? Ki kore mini masu kekuna da wa'azin allura?" Ya yi tsaki, sannan ya sassauta murya. "Kikelomo, Tolu fa? Birnin Kebbi akwai makarantar kirki. Nan gindin itace suke karatu, akuya na cinye musu littafi."

Wannan ta taɓa ta. Ta daɗe tana kallon yarinyar, wadda ke wasa da ɗiyana bakin rijiya.

"Dele, in na yi shiru firiji ya tafi. In ya tafi, bana ma ba ni zuwa tunga. Kuma a takardarsu an ce kowa ya samu, ba wanda zai sake tunawa da ɗiyan tunga."

Ya juyo gare ni. Na ce ni ban san aikin gwamnati ba. Na ce dai Kubura ta tambaye ni ran kasuwa ko maganar zuwan tana nan, na ce mata tana nan. Dele ya ɗauki hularsa ya koma shago.

Ran Talata anka sa bikin, don a samu jama'a. Anka kafa rumfa gaban asibiti, anka jera bencina, Maigari ya zo da dattawa, makaɗa sunka zo ba a gayyace su ba. Jami'in da ya zo daga Birnin Kebbi, Malam Atiku, dogo ne mai natsuwa, da tsage a kumatu tun daga baki har kunne. Bagobiri ne, ba sai an faɗa ba. Da Maman Tolu ta ga tsagen nan na ga fuskarta ta saki. Kowa ya san Yarbawa da Gobirawa abokan wasa ne, kowanne na cewa ɗayan bawansa ne, kuma abin da sunka faɗa wa juna ba a fushi da shi, ko gaban sarki.

Malam Atiku ya yi jawabi mai kyau. Ya ce sabuwar jiha na son a riƙa auna aikin kowa, wanda ya yi a yaba mishi, wanda bai yi ba a tambaye shi. Ya ce ga mace ta yi abin da maza sunka kasa. Ya ɗaga agogon, anka yi guɗa. Ta zo ta rusuna ta karɓa da hannu biyu, amma ba ta koma mazauninta ba.

"Ranka shi daɗe, ashe bawana anka aiko mini da kaya."

Wuri ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi. "Ji Bayarbiya! An ba baiwa agogo ta fara ɗaga kai. Kin ma iya duba shi?"

"Na iya. Kai ne ban sani ba ko ka iya ƙirga. Bagobiri, mutum na da awaki goma, ya ce maka ya shayar da sha biyu. Biyun nan na wa?"

"Na maƙwabta," in ji wani daga baya.

"To kuma da ka ji sha biyu, ka tabbata nasa goman duk sun sha?"

Dariyar ta fara raguwa. Ta juya wajen mata, ta yi magana da Dendanci, ta maimaita da Hausa: duk wadda ta tsallako daga Benin, kuma na taɓa yi wa ɗanta allura, ta tashi tsaye. Sunka dubi juna, tsoro ya kama su, don akwai ɗan sanda wurin. Wata tsohuwar Bafulatana ta fara miƙewa da ƙwaryarta a kai. Sai ga su suna tashi nan da can, har bayan rumfa.

"Ku zauna, na gode. To, wa ke nan daga Tungar Bunyaminu?"

Kubura kaɗai ta tashi, da goyo, hannunta duk baƙin hayaƙin banda.

"Kubura, na taɓa yi wa na bayanki allura?"

"A'a."

"Yayyensa fa? Ɗiyan maƙwabtanki fa?"

"Ko ɗaya. Mu dai muna jira."

Maman Tolu ta ajiye agogon bisa tebur gaban Malam Atiku. Yanzu ba wasa a muryarta. "Ranka shi daɗe, waɗancan baƙi ne, na yi musu, ban ɓoye ba. Waɗannan namu ne, ban yi musu ba. Aiki bai ƙare ba a nan. Ka riƙe agogonka, ka bar mini firiji."

Makaɗa sunka rasa abin kaɗawa. Maigari ya yi gyaran murya ya ce a yi addu'a, anka watse.

Ina kwashe bencina ina kai wa baranda, na ji ta da Malam Atiku cikin ɗakin asibiti.

"Kin san abin da kika jawo wa kanki?" in ji shi. "Dole in rubuta. Rabin kasuwa ta ji."

"Rubuta, ranka shi daɗe. Ka rubuta har da tunga."

"Na Zagga fa? Su ma ɗiyan mutane ne, su ma ba su da firiji."

Ta ce, "Gaskiya ne. Ka bar mini shi zuwa ruwan farko. In ruwa ya sauka, ni da kaina zan ɗora shi a mota."

"Ba na barin shi kan magana. Abin da kika aiko na gaskata, ga inda ya kai ni. Sai na ga tungar nan da idona."

Bai yi fushi ba, bai kuma yi mata sassauci ba. Da maganin ya iso ya dawo, ya kwana gidan Maigari, da asuba munka nufi bakin kogi. Ni na ɗauki akwati. Lokacin ruwan nan na biyu da ke zuwa daga yamma bayan kaka ya cika Kwara, ba ka hangen gaɓar can sosai. Malam Atiku ya tsaya yana kallon kwalekwalen.

"Wanga abin za mu shiga?"

"Shigo, Bagobiri," in ji ta. "Na san ku ba ku san ruwa ba sai na buta. In ka faɗa zan tsamo ka, ba na asarar bawa."

"Allah shi isa tsakanina da Yarbawa," in ji shi, ya tattare riga ya shiga. Har munka isa hannunsa biyu na riƙe da gefen jirgi, bakinsa na motsi.

Kubura ta cika alkawari. Mata sun taru gindin wata ƙatuwar ɗorawa, yara kamar kaji. Maman Tolu ta buɗe akwati ta taɓa ƙanƙara, tana nan da tauri. Ta fara aiki, kuka ya tashi. Malam Atiku ya naɗe hannun riga yana riƙe mata ƙafafun masu shure-shure. Da anka gama na gindin itace bai yarda ba, ya sa Kubura gaba sunka bi bukka-bukka, ya zaƙulo waɗanda kakanninsu sunka ɓoye bayan taruna. Yara biyu ne kawai ba a samu ba, ɗiyan ƙanen Kubura, sun bi iyayensu su can sama da kogi.

Abin da Dele ya ji tsoro bai zo duka ba, amma rabinsa ya zo. Ba a kore ta ba. An aiko mata da takardar tuhuma, ta amsa. Ƙarin girma ya tashi, Birnin Kebbi ta tashi, agogon anka ba wani. Tolu sai Yawuri anka kai ta wurin gwaggonta ta yi makaranta, tun tana ƙarama. Ran da mota ta tafi da ita, Maman Tolu ba ta buɗe asibiti ba sai bayan azahar, kuma wannan ne kaɗai karon da na san ta makara.

Bazarar nan baƙon dauro ya zo, ta kasuwa ya shigo kamar kullum, ya kuma tsallaka tunga. Da ruwan farko ya sauka, ran Juma'a, ta zo ƙofar Maigari. Malam Atiku ya zo takanas daga Birnin Kebbi, ya zauna kan tabarma cikinmu. Ta bi gida-gida kamar yadda ta saba. Da ta zo ƙarshe ta ce, "Tunga na kai. Cikin waɗanda na yi wa, ba wanda anka binne. Yaro ɗaya ya rasu, ɗan ƙanen Kubura, cikin biyun da ba su nan ran da munka je. Na ce zan koma dominsu, na bari sai an kawo wani magani, ciwo ya riga ni. Da na koma da wuri."

Kubura na zaune can gefe wajen mata. Ta ce, "Allah ya riga ya rubuta, Maman Tolu. Bara kaburbura nawa munka haƙa? Bana ɗaya." Ta turo mata kwandon kifi.

Malam Atiku bai yi dogon jawabi ba. Ya ce daga yau ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa a bakin iyaka su riƙa rarrabe mishi abu uku: na gida da anka yi wa, baƙi da anka yi wa, da na gida da ba a kai gare su ba. Ta tambaye shi, baƙin fa, ta ci gaba ko ta bari? Ya ce, "Ni ban ce ki yi ba, ban ce ki bari ba. Ki dai ware mini su, kada ki sake sa ni ɗauko agogo a banza."

Washegari ta kashe lagwani, ta goge firijin, ta kira mu munka ɗora shi a motar Zagga, kamar yadda ta ce. Sai da shekara ta kewayo anka kawo mata wani. A tsakani, da ƙanƙarar masu kifi ta riƙa lallaɓawa, wani lokaci ta isa tunga, wani lokaci ta binne kwalabe. Ba ta fasa zuwa ƙofar Maigari ba har ta bar aiki, kuma ba duk shekara labarin ke da daɗi ba.

Dele ya rasu shekarun baya. Tolu na aikin jinya a Yawuri. Maman Tolu tana Bagudo yanzu, a wani ɗan gida bayan kasuwa, tana sayar da gishiri da magi a ƙofa. Idonta ya yi rauni, amma tana gane muryar mutum.